i-gel, King LT ko laringoskop mai kyamara: wanne za mu saya wa ɗakin imajensi?

NasMaiAikinDare:

Salamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya, don Allah shawara nake nema musamman daga masu sa barci da waɗanda suka jima a imajensi. Ni ce ke riƙe da ɓangaren gaggawa a wani asibitin ƙaramar hukuma, kuma asibitin a bakin babban titi yake, to kun san me hakan ke nufi, ba a rufa sati ba a kawo mana 'yan hatsarin mota ba, ga 'yan acaba masu rauni a ka, ga mata masu jijjigar ciki da ake ɗaukowa daga ƙauye sun riga sun fita hayyacinsu, wani lokacin kuma wanda ya sha fiya-fiya. Yanzu an ce mu rubuto kayan da muke buƙata na kula da hanyar numfashi, na ɗaki da na motar ambulan, kuɗin ba wani yawa gare su ba kuma in aka saya yau sai kuma wani jiƙon.

Abin da ke hannu: laringoskop, wato abin leƙa maƙogwaro don zura tiyon numfashi, guda ɗaya mai baki samfurin Macintosh lamba 3 da 4 fitilarsa ma tana wasa, tiyon maƙogwaro kala-kala, jakar Ambu ta hura iska da hannu, Guedel wato robar baki mai hana harshe toshe hanya, oksimita mai auna oksijin a jini, silindar oksijin da konsantireta mai tace oksijin daga iska. Likitoci biyu gare mu, mai sa barci ɗaya, shi kuma ko yana tiyata ko ya tashi. Da dare mu ne dai nas-nas da Allah.

Ɗaya daga cikin likitocin ya kafe sai an sayo laringoskop mai kyamara, wai shi duniya ke yayi. Mai sa barcinmu ya ce a'a a sayo i-gel da yawa, wato robar da ake turawa ta baki ta zauna a bakin maƙogwaro a hura iska ta cikinta. Dila kuma ya zo da King LT har da Combitube a takardarsa, su ma ta baki ake tura su a hura iska ba sai an leƙa maƙogwaro ba. Ni kaina ya ɗaure wallahi. Wanda ya yi aiki da su ya faɗa mana gaskiya.

TsohonTiyata:

Wa alaikumus salam Sista. Kin ba kanki amsa ba ki sani ba, inda kika ce da dare ku ne kawai. Kafin a ce wane kaya, a fara tambayar hannun wa zai riƙe shi ƙarfe ukun dare. Tiyon maƙogwaro babu kamarsa in ya shiga daidai, don balan-balan ɗinsa na toshe hanyar iska daga ciki, amai da jini ba sa samun hanyar gangarawa huhu, kuma za ki iya hura iska da ƙarfi in huhun ya yi tauri. Amma aiki ne na hannun da ke yin sa kullum. Wanda rabonsa da zura tiyo tun yana makaranta, in ya tsaya yana laluben ƙofar maƙogwaro cikin jini mutum na shuɗewa, ya fi cutar da shi a kan wanda ya riƙe Ambu da kyau. Shi ya sa nake bayan abokin aikina mai sa barcinku, i-gel za ku saya.

Dalili kuwa ba shi da balan-balan balle a ce an manta sirinji ko an cika masa iska, roba ce mai laushi da ke zama a bakin maƙogwaro, a shafa masa jel ta baya, a tura shi yana bin ganɗa har ya tsaya, shi ke nan. Da nauyin mutum ake zaɓa: lamba 3 rawaya kilo 30 zuwa 60, lamba 4 kore kilo 50 zuwa 90, lamba 5 ruwan lemo daga 90 zuwa sama. Yana da 'yar hanya a gefe da za ki zura siririn tiyo zuwa ciki ki zuƙe iska da ruwan da suka taru, yana kuma da wuri mai tauri da haƙori ba zai datse ba. Nas da ta gwada a kan mutum-mutumi ta kuma sa hannu a tiyata ƙarƙashin mai sa barcinku za ta iya.

Amma ni in nawa ne kuɗin, akwai abu biyu da zan rubuta a sama da duk waɗannan. Na farko injin zuƙa mai aiki ko babu wuta, na batir ko na takawa da ƙafa, da babban baki mai tauri irin Yankauer, don ɗan hatsari jini da tuwo ne cike da bakinsa, in ba ki zuƙe ba babu na'urar da za ta yi miki aiki. Na biyu kafnogiraf, injin da ke nuna iskar da mutum ke fitarwa a kowane numfashi. Ban ga kin lissafa shi ba kuma shi ne ya fi tayar min da hankali. Tiyo na iya faɗawa hanyar abinci mai sawa ya rantse ya ga ya shiga daidai, a sa abin saurare a ji kamar iska na shiga, a ga tururi a cikin tiyo, duk waɗannan suna yaudara, oksimita kuma ba ta faɗuwa sai bayan mintuna in an ba mutum oksijin sosai tun farko, kafin nan ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Ƙa'idar da ake koyarwa yanzu ita ce in zanen bai fito a kafnogiraf yana hawa yana sauka numfashi bayan numfashi ba, to a ɗauka tiyon ba ya wurinsa a cire, ko da zuciya ta tsaya ne ana danna ƙirji zanen yana fitowa sai dai ƙarami. Lifebox da Smile Train sun fitar da wani mai sauƙin kuɗi a 2023 don asibitoci irin namu, ki sa mai sa barcinku ya bincika ta ƙungiyarsu.

BaƙonIngila:

Baba TsohonTiyata ya gama magana, ni ƙari kawai zan yi tunda aikin ambulan nake yi a nan Ingila kuma wannan gardamar an yi ta a nan har an gaji. Akwai babban gwaji da aka yi a ƙasar nan, AIRWAYS-2, ya fito 2018, mutum 9,296 da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti, aka raba ma'aikatan ambulan gida biyu, wasu su fara da i-gel wasu su fara da tiyo. Waɗanda suka rayu da lafiyar ƙwaƙwalwa mai kyau kashi 6.4 cikin ɗari a ɓangaren i-gel, kashi 6.8 a ɓangaren tiyo, wato babu wani bambancin a zo a gani. Amma wajen samun iska ta shiga tun da wuri i-gel ya yi gaba, 87.4 da 79. Shi ya sa wurare da dama a nan suka mayar da i-gel abin farko, tiyo kuma aka bar wa ƙwararrun tawaga masu yin sa a kai a kai.

A shekarar dai Amurkawa suka fitar da nasu, PART, mutum 3,004, su King LT suka gwada da tiyo. Waɗanda suka kai awa 72 da rai kashi 18.3 a King LT, 15.4 a tiyo. Abin lura a nan, masu zura tiyon kusan rabi ne kawai suka samu a karon farko, kashi 51 da ɗoriya, King LT kuwa kusan 90. To kin ga ba wai tiyon ne mugu ba, hannun ne. Akwai kuma na Faransa da Beljiyam, shi ma 2018, inda likitoci ne a cikin motar, suka kwatanta Ambu zalla da tiyo a mutum 2,043, waɗanda suka rayu da lafiyar ƙwaƙwalwa suka zo kusan ɗaya, kashi 4.3 da 4.2, sai dai masu Ambu sun fi samun amai ya taso.

Amma fa Anti kar a ɗauki waɗannan alƙaluman a ɗora wa ɗan acaban da ya fashe kai yana numfashi da kansa yana cije haƙora. Duk gwaje-gwajen nan kan wanda zuciya ta tsaya ne, shi ba ya kakarin amai ba ya cizo. Mai sauran motsi a maƙoshi in kika tura masa i-gel ba magani amai zai yi miki.

King LT ba laifi, yana da balan-balan biyu ɗaya a hanyar abinci ɗaya a maƙoshi, sirinji ɗaya ke hura su, da tsawon mutum ake zaɓa ba nauyi ba, lamba 4 mai jan kai ita ce ta yawancin manya, santimita 155 zuwa 180. Matsalarsa in an cika iska harshe na kumbura. Shawarata ku zaɓi iri ɗaya kowa ya iya shi, kar a tara kala uku a dirowa. Combitube kuwa kayan 1987 ne, baki biyu gare shi dole ki gane ta wanne za ki hura, ga tauri yana iya yaga hanyar abinci, babu na yara. Ki ce wa dilan ya riƙe abinsa.

Dr_Imajensi:

Ni kam ban yarda a yi wa likitan nan taron dangi ba, yana da hujja. Ranka ya daɗe TsohonTiyata, ku da kuka shekara da shekaru kuna zura tiyo ko ido rufe za ku samu, amma mu da ake turo mu asibitin ƙauye daga gama hausmanshif fa? Gwajin DEVICE da aka yi a Amurka ya fito 2023, mutum 1,417 a ɗakunan imajensi da na kulawa ta musamman wato ICU, kuma yawancin masu zurawar likitoci ne masu neman ƙwarewa ba tsofaffin hannu ba. Da kyamara kashi 85.1 suka samu a karon farko, da laringoskop na gargajiya 70.8. Wannan ba ƙaramin tazara ba ne, kuma kowa ya san duk ƙarin gwaji na ƙara kumburi da jini da faɗuwar oksijin. Wani amfanin da ba a cika faɗa ba, allo kowa na gani, mai taimaka maka ya san inda zai danna maƙogwaro, mai koyarwa na ganin abin da ɗalibi ke gani, in tiyo ya nufi hanyar abinci wani zai ce kai tsaya. Ga mai karayar wuya da ba a son a ɗaga kansa, nan ma yana taimakawa.

Inda zan ja hankali shi ne iri biyu ne. Akwai mai baki lanƙwasasshe sosai irin na GlideScope na asali, shi za ka ga ƙofar tar a allo amma tiyon ya ƙi zuwa sai da sandar ƙarfe da aka lanƙwasa daidai da bakin, yana son horo na musamman. Akwai kuma mai baki irin Macintosh ɗin da kuka saba, kamar C-MAC da McGrath MAC, wannan in jini ya rufe kyamara sai ka ɗauke ido daga allo ka leƙa baki kai tsaye ka ci gaba. Irin wannan ya dace da ku. Kuma ki tambayi dilan tun yanzu, bakin na wankewa ne ko na yarwa, nawa ne ɗaya, a ina za a samu in ya ƙare, batirin na caji ne ko na kamfanin ne kaɗai. Na ga inda aka sayi mai tsada aka yi wata biyu bakunan suka ƙare, yana nan cikin kabad ɗin oga har yau.

Sannan buji, siririyar sandar roba da ake fara zurawa a maƙogwaro tiyo ya bi ta kanta, don Allah ku sayi buji, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. A wani asibiti a Minneapolis inda suka saba da shi gwajin 2018 ya nuna kashi 98 sun samu a karon farko da buji, 87 ba tare da shi ba, da aka sake gwadawa a asibitoci da yawa a 2021 bambancin bai fito ba, to ni abin da na fahimta yana yi wa wanda ya saba da shi aiki ne. In kana ganin marfin maƙogwaro kawai ba ka ganin ƙofar, shi ke fitar da kai kunya.

TsohonTiyata:

Likita ban ƙi taka ba, kyamara na da kyau kuma da ina da ita zan yi amfani da ita. Amma a asibitocin da aka yi wancan gwajin akwai kafnogiraf a kowane gado, akwai maganin sa barci da na sassauta jiki a shirye, akwai injin numfashi na jira. In kuɗin Sista zai sayi ɗaya ne tsakanin kyamara da kafnogiraf, ni na san wanda zan ɗauka. In ya isa duka biyun alhamdu lillahi a haɗa.

NasMaiAikinDare:

Kai Allah ya saka da alheri, na ƙaru wallahi, kafnogiraf ɗin nan ko a raina bai zo ba. To Baba ga wasu tambayoyin. Mu ba mu da injin numfashi, duk wanda aka sa wa tiyo sai an tura shi asibitin koyarwa, tafiyar ta fi awa biyu kuma hanyar ba kyau. I-gel zai iya wannan tafiyar? Na biyu, mai fiya-fiya da mai jijjiga fa, su ma i-gel ɗin? Na uku kar ku yi min dariya, ana iya wanke shi a sake amfani da shi? Don na san halin wurin namu. Yara kuma fa?

TsohonTiyata:

Babu abin dariya 'yata, kowa ya san yadda muke aiki. Amma i-gel na amfani ɗaya ne, haka kamfanin ya yi shi, robar ba ta jure tukunyar gasa kaya kuma 'yar hanyar gefen nan ba ta wankuwa. A yankin da muke da tarin fuka da ciwon hanta da zazzaɓin Lassa ban ba ki shawarar haka ba. In dole sai mai sake amfani, akwai LMA Classic na silikon, shi ma a bakin maƙogwaro yake zama kamar i-gel, wanda likitan Ingila Archie Brain ya ƙirƙiro, an yi shi ne a gasa a sake sawa har sau 40, sai dai yana da balan-balan kuma ba shi da hanyar zuƙe ciki, don haka wajen kare amai bai kai i-gel ba.

Maganar tafiya, in da mai iya zura tiyo a kusa, tiyo ya fi don doguwar hanya, a kira shi ko yana gida. I-gel gada ce, yana riƙe miki mutum kafin mai hannu ya iso, yana kuma ceto in an gwada tiyo ya ƙi. In babu kowa, to i-gel da aka ɗaure da kyau aka zuƙe ciki ya fi Ambu da takunkumi cikin mota mai tsalle nesa ba kusa ba.

Yanzu inda ba ya aiki, ki rubuta ki manna a bango. Duk abin da ya toshe daga ƙofar maƙogwaro zuwa ƙasa ko ya hana baki buɗewa. Mai kumburin ƙasan haɓa daga ruɓaɓɓen haƙori da harshe ya tashi sama, mai ƙunar wuta da ya shaƙi hayaƙi murya ta dushe, yaro mai mashaƙo irin wanda muka sha fama da shi a Kano a 2023, wanda wani abu ya maƙale masa. Waɗannan ki bar su a zaune yadda suka fi jin daɗin numfashi, oksijin, a nemo babba tun kafin su gaji.

Mai fiya-fiya abin da ke kashe shi ruwan da ke cika huhu da shanyewar naman numfashi, maganinsa na farko atrofin ne ana ninkawa har ƙirji ya bushe, da zuƙa ba ƙaƙƙautawa. Huhunsa jiƙe yake yana son matsi mai yawa, i-gel zai riƙa zubar da iska ta gefe, in ya kai ga buƙata tiyo ne nasa. Kuma a tuna wa likita, sukzametoniyam, maganin sassauta jiki da ake yi kafin zura tiyo, a jikin mai wannan gubar ba ya sakin mutum cikin 'yan mintuna yadda aka saba, yana iya ɗaukar awanni. Mai jijjiga kuwa yawancinsu ba sa buƙatar komai a maƙogwaro, a kwantar da ita ta gefen hagu, a zuƙe baki, oksijin, magniziyam salfet. In har ta kai ga tiyo to mai ciki ce, hanyarta a kumbure, oksijin ɗinta na faɗuwa da wuri, ciki kuma a ɗauka cike yake, a tanadi ƙaramin tiyo 6.5 da i-gel a gefe, ba aikin ɗan koyo ba ne.

Yara, ki riƙe Ambu. An yi gwaji a yankin Los Angeles ya fito shekarar 2000, yara 830, ma'aikatan ambulan masu zura tiyo ba su fi masu Ambu ceto ba. Ku sayi jakar yara da ta jarirai da takunkumi kowane lamba, ku koyi riƙon mutum biyu, ɗaya ya kama takunkumi da hannu biyu ya ɗago muƙamuƙi ɗaya na matsawa a hankali. I-gel na yara akwai, 1.5 kilo 5 zuwa 12, lamba 2 kilo 10 zuwa 25, 2.5 kilo 25 zuwa 35, ku ajiye kaɗan.

Na ƙarshe ga likitocinku, ƙa'idar 2015 ta DAS, ƙungiyar masana hanyar numfashi ta Birtaniya, ta ce gwajin zura tiyo uku, sai ɗaya in wanda ya fi ka ya zo, daga nan a koma na'ura irin i-gel, in ya ƙi a koma Ambu, in iska ta ƙi shiga ta ko'ina a tsaga gaban wuya. Kayan wannan uku ne, aska lamba 10, buji, tiyo 6.0 mai balan-balan. A ɗaure su cikin leda ɗaya a rataye inda kowa zai gani, kuma a gwada a maƙogwaron rago kafin ranar ta zo, mahauta za su ba ku.

MaiAmbulan:

Ni ba likita ba ne, rakiyar marasa lafiya nake yi a mota, amma Sista tunda kin ce awa biyu bari in sa baki. Ku lissafa oksijin kafin ku tashi. Ƙaramar silinda lamba E in ta cika lita 680 ce, in kika buɗe lita 15 a minti ɗaya minti 45 ta ƙare, ko rabin hanya ba a kai ba, konsantireta kuma ba ya bin ki cikin mota sai da wuta. A sa babbar silinda a ɗaure ta da kyau, da ta ko-ta-kwana, da sifana, don an sha isa tsakiyar daji a tarar babu abin buɗewa.

Sai ɗaurin tiyo. Filasta ba ta kama fuskar da ke zufa da jini, igiyar bandeji ta fi, kuma a duba lambar da ke daidai haƙori kafin a tashi a rubuta, galibi wajen 21 ga mace 23 ga namiji, duk sanda aka ɗaga mutum daga gado zuwa mota ko aka faɗa rami a sake dubawa. Mutum biyu za su shiga baya ba ɗaya ba, matsa Ambu na awa biyu hannu na sanƙarewa, in mutum ya gaji sai ya fara matsawa da sauri da ƙarfi, alhali babba sau 10 a minti ya isa. Kuma kar a bar kayan roba da magunguna cikin mota tana rana, zafin watan Afrilu na lalata su, sukzametoniyam ma na firji ne.

NasMaiAikinDare:

Na gode Malam. To i-gel ɗin wace lamba za mu fi yawaitawa?

BaƙonIngila:

3 da 4 Anti, 4 ta fi tafiya ga maza, mata da yawa da samari marasa jiki 3 ce ke zama musu. Lamba 5 kaɗan ta isa. Ki duba ranar lalacewa a jikin kowace leda kafin ki sa hannu a takardar karɓa, kuma ki ce ya haɗo da jel da siraran tiyon zuƙe ciki lamba 12, su ke shiga ta gefen 3 da 4.